Igiyar Shanya

Babban ɗanmu ya sauke igiyar shanya ranar da aka sallamo uwarsa daga asibiti.

Bai shawarci kowa ba. Ya buɗe akwatin aikina ya ɗauki guduma, ya zare ƙusoshin da na kafa a bango tun yana rarrafe, ya mayar da su ƙasa daidai ƙugu. Daga nan ya shiga kicin. Tukwane, gwangwanin sukari, kwalbar mai, duk abin da ke kan kanta ya sauko da shi ya jera a kan benci. Ko maratayin tawul na banɗaki bai tsira ba. Kafin rana ta faɗi gidan ya koma kamar na wadanni.

Akawu muke ce masa. Aikin ofis yake yi, kuma ko a gida da muryar ofis yake magana.

"Inna ba za ta ƙara ɗaga hannu a gidan nan ba," in ji shi. "Wanda ta ɗaga a baya ya isa."

Ni kafinta ne. Katako na sani, ban san ciwon daji ba. An cire wa matata nonon dama, an cire kaluluwar hammata, an ɗinke. Na ga ɗinkin da idona. In ɗa ya ce uwarsa ta huta, me uba zai ce? Kuma yaron yana da dalilinsa. Irin wannan ciwo ne ya ɗauke ƙanwar uwarsa, wadda ta goye shi, shi kuma ya yi jinyarta har ƙarshe.

Tsohuwa nake ce wa matata, ita kuma ta ce mini Mai Guduma. Ƙuruciyarta duka a ɗakin wankin wani otal ta ƙare, har ta kai ita ke duba aikin sauran. Zanin gado in ya bi ta hannunta, ko makaho ya shafa ya san ita ce. Yanzu ga ta a kujera a tsakar gida, hannun dama manne da ciki kamar fiffiken kazar da aka ɗaure, 'yarmu Auta tana yi mata wanki.

Auta ta shanya zanin gado a igiyar. Rabinsa ya kwanta a ƙasa.

"Ke, wannan shanya ce ko shara?" in ji Tsohuwa.

"Inna, igiyar ce ta yi ƙasa."

"Ai na gani. Ciwon a ƙirji yake, bai kai ido ba."

Ta zuba wa bakin zanin ido yana shan datti har ya bushe. Ba ta ƙara cewa komai ba. Ni na san wannan shirun. Na zauna da shi tun kafin a haifi mai sauke igiya.

A asibiti an ce mana ta riƙa motsa hannun. Akawu ya ce sai ɗinki ya warke. Ɗinki ya warke, ya ce sai ta yi ƙarfi. Abinci har cinya ake kai mata, kofi a miƙa mata, riga Auta ke sa mata. Ƙarfin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne barci da rana da fushi da yamma.

Sai likita ya ce saura gashi. Wani inji ne da ke haska wurin da aka yanka, ya ƙone ragowar ciwon in akwai. Kafin a fara sai an yi awo. Ni na raka ta, Akawu yana ofis.

Ɗakin awon sanyi kamar cikin firji. Gado ne siriri mai tauri, a wajen kai akwai ƙarfe biyu da mutum zai kama. Mai injin, wani dogo mai tabarau, ya ce ta kwanta ta kai hannu biyu saman kai ta riƙe ƙarafan.

Na hagu ya tafi. Na dama ya taso daidai kafaɗa ya tsaya cak. Ta cije leɓe ta tura. Gumi ya keto mata a cikin wannan sanyin. Hannun ya ce bai san zancen ba.

"Ɗaga mata mana," na ce.

"Baba, in na ɗaga da ƙarfi ciwo zan ji mata. Kuma ba yau kaɗai ba ne. Duk ranar da ta zo gashi haka za ta kwanta, ita da kanta, ba motsi, har inji ya gama. In hannun yana gefe ya tare wa hasken hanya."

Ya ba mu wata rana a ƙarshen wata. Ya ce in hannun bai hau ba a ranar, dole a ba wani layinta, don mutane da yawa ke jira, ita kuma ta koma baya. Likita ya ƙara da cewa gashin nan yana da lokacinsa, in aka yi ta jan ƙafa bayan aiki amfaninsa raguwa yake yi. Bai rufa mana ba. Ina son mutumin da ba ya rufa magana. Sannan ya tura mu ƙarshen baranda, ɗakin motsa jiki.

Na zaci wurin masu karaya ne. Ashe duk masu ciwon daji ne. Wata mata da magani ya zubar wa gashin kai tana tafiya a kan wani inji mai bel. Wani tsoho da ya girme ni, filasta a bayan hannu, yana tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina, yana faɗa da na kusa da shi a kan ƙwallo. A bango akwai wani ɗan tsani na katako, na yatsu ne ba na ƙafa ba. Na shafa shi. Ba a goge gefensa da kyau ba.

Mai ɗakin wata gajeriya ce, murya kamar usur. Tun ranar Tsohuwa ta raɗa mata Sajan. Ta kama kafaɗar ta juya a hankali, tana kallon fuskar Tsohuwa ba hannun ba.

"Mama, wa ya ce ki ajiye hannun nan kamar kayan gado?"

"Ɗana."

"Likita ne?"

"Akawu ne."

"To, ya riƙe lissafi, ni in riƙe kafaɗa."

Ta ce a asibitin nan yanzu, yadda ake rubuta wa mutum ƙwaya haka ake rubuta masa motsi, da wanda aka yi wa aiki da mai karɓar ruwan magani da mai gashi. Kwanciya ba ta kawo ƙarfi, cinye shi take yi. Ta nuna mata yadda za ta fuskanci bango ta hau shi da yatsu, kaɗan kaɗan, safe da yamma.

Tsohuwa ta kalli bangon ta kalle ta.

"Ni da jikoki, in tsaya ina hawan bango kamar ƙadangare?"

"Haka kowa ke yi, Mama."

"Kowa ya yi."

Sajan ba ta yi fushi ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Da kina lafiya, me kike ɗaga hannun nan ki yi?"

"Shanya."

"To ki yi shanya. Amma da sharaɗi. Wani zai wanke ya matse, ke ki shanya. Ki fara da hankici. Igiya ta fara daga inda hannun ya tsaya, ta riƙa hawa a hankali. In kin ji yana ja, ci gaba. In ya soka, tsaya. In kin ga kumburi, ki zo mini. Bangon ma za ki hau, ko da a bayan ƙofa ne inda jikoki ba sa gani. Kuma kullum ki fita ki taka har sai numfashi ya ɗan hau." Ta juyo wurina. "Baba, me kake yi?"

"Kafinta ne."

"Ashe ma aiki ya zo gidan sauƙi."

Da muka koma gida na bi bangon nan biyu da ake ɗaura igiyar da ƙusoshi, kamar tsani, daga daidai ƙirji har zuwa tsoffin ramukan da Akawu ya bari. Tsakanin ƙusa da ƙusa faɗin yatsu uku. Na yi wa igiyar zarge a kowane baki, yadda za a cire ta a matsar. Tsohuwa tana zaune tana duba aikina.

"Ta biyar ɗin nan ta karkace, Mai Guduma."

"Idonki ne ya karkace."

Na duba. Ta karkace. Na zare na sake kafawa.

Washegari Auta ta wanke hankici ta miƙa mata. Matar da ta saba wurga zanin gado mai ruwa da hannu ɗaya, ta tsaya gaban igiya da ƙyalle kamar tafin hannu, tana nishi. Ya hau. Ta gyara masa kusurwa, don ko hankici ba ta yarda ya karkace. Ta juyo ta same mu muna kallo.

"Ba ku da aikin yi ne?"

Daga hankici aka koma safa, daga safa aka koma rigar filo. Igiya tana hawa, wani lokaci ƙusa ɗaya, wani lokaci ta kwana biyu a wuri guda. Da safe mu fita mu taka har ƙarshen layi, inda mai faci yake, mu dawo. Da farko tana dafa ni. Daga baya ta fara cewa ni ke jan ƙafa. Barcin rana ya ragu. Fushin dai yana nan, amma ya sami wurin zuwa.

Katangarmu gajeriya ce, kuma muna da maƙwabciya da ba ta da aiki sai leƙe. Ita ta kai wa matar Akawu labari cewa an sa mai ciwon daji wanki. Ran nan da yamma sai ga motarsa. Ya shigo ko takalmi bai cire ba, ya tsaya yana kallon ƙusoshin.

"Baba, mene ne wannan?"

Na gaya masa duk yadda aka yi, da awo da ranar da aka ba mu da Sajan. Ya saurara, don ba marar kunya ba ne.

"Na ji," ya ce. "In motsa jiki ne, a kai ta asibiti ta yi, ni zan riƙa turo mota. Can magani ne. Nan kuwa bauta ce. Matar da ta ƙare rayuwarta tana wanke dattin wasu, yanzu da ciwo a jiki ma ba za ta huta ba? Kun san abin da mutane ke faɗa? Cewa suke ina da hali na bar uwata tana shanya."

"Mutanen za su kwanta a injin a madadinta?" na ce.

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Asibiti sau biyu a mako ne. Kafaɗa kullum tana jikinta."

Tsohuwa tana can wurin shanya. Tana gyara wuyan wata riga a kan igiya, ta ba mu baya.

Kwana biyu sai ya turo mai wanki, wani bawan Allah da babur da buhu. Tsohuwa ta karɓe shi hannu biyu. Ta sa ya wanke tawul ɗaya a gabanta, ta nuna masa inda ya bar sabulu, ta sa ya sake ɗaurayewa.

"Ka iya, ba laifi," ta ce. "Wanki naka, shanya tawa. Ka gaya wa wanda ya aiko ka na gode."

Har ya fi Auta matsa, sai aikin ya ƙara sauƙi.

Amma wata yana tafiya, igiya kuwa tana daidai goshi. Ta tsaya a nan ta ƙi gaba. Tsohuwa ta fara ƙirga ƙusoshin da suka rage da ido. Na ce mata sannu ba ta hana zuwa. Ta ce in ƙarasa karin maganar, ai an ce sai dai a daɗe ba a je ba, ita kuwa ba ta da daɗewar.

Wata rana na tafi shago gyaran ƙafar wani tebur. Na dawo na tarar da ita zaune a kan bokitin da aka kife, ta rungume hannun, fuskarta ta yi fari kamar toka. Igiya tana can a ƙusar ƙarshe ta sama. Da sandar tsintsiya ta ɗaga ta. Zanin gado jiƙe yana kwance a ƙasa. Auta tana gefe da waya a hannu, ta riga ta kira yayanta.

"Ya soka?" na ce.

"Ya soka."

"Kika tsaya?"

Ta kawar da kai.

Akawu ya shigo kamar an jefo shi. Ya dubi uwarsa, ya dubi igiyar. Ya shiga kicin ya fito da wuƙa ya datse ta a tsakiya. Sannan ya juyo gare ni, idonsa jawur.

"Baba, ba ciwon ne zai kashe ta ba. Kai ne."

Tunda nake ba ɗan da ya taɓa gaya mini irin wannan. Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Har yanzu wuƙar tana hannunsa. Na karɓa na ba Auta.

"Tayar da mota," na ce.

A asibiti Sajan ta duba ɗinkin, ta auna kaurin hannun da tef, ta danna nan ta danna can. Ta ce ɗinki lafiya, ba kumburi, tsoka ce ta ja. Sannan ta riƙe ƙugu.

"Mama, wa ya ce zanin gado?"

"Rana ce ke ƙurewa."

"Sai aka ce ki ƙure kafaɗar ita ma? Na ce in ya soka ki tsaya. Ba gasa muke yi ba. Yanzu kin mayar da kanki baya da hannunki."

Ban taɓa ganin an yi wa Tsohuwa faɗa ta yi shiru ba sai ranar. Akawu ya gyara tsayuwa.

"Kin ji ko, Inna? A daina."

"Ban ce a daina ba," in ji Sajan. "Kai ne akawun? Zauna. Na ce ta koma ƙasa da ƙusa uku ta sake hawa. Kwana biyu ba ɗaukar komai, amma hannun ya riƙa motsi."

"Yanzu kika ce ta ji ciwo."

"Ta ji. Wanda ya sha ƙwaya fiye da kima ma yana jin jiki, ba a cewa ya daina shan magani. Gyara masa ake yi."

"In wani abu ya ɓalle fa? Na yi jinyar ƙanwarta. Na ga yadda abin nan yake yi."

Sajan ta sassauta murya. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin abin da ba a hannunta yake ba, ciwon daji ba ya ba kowa tabbas. Abin da ta sani shi ne in hannun nan bai hau ba, gashi zai makara, kuma ajiye shi ba zai sa ya hau ba. Ta ce ko an fara gashin ma ba a gama ba, don hasken yana ɗaure fata da tsoka, yana kawo gajiya, kuma wanda ya ci gaba da motsi ya fi jure masa.

"To wa zai ɗauki alhakin in an sami matsala?" in ji shi.

"Mai kafaɗar," in ji Tsohuwa.

Akawu ya sauke mu a ƙofar gida ya wuce.

Na ce zan sayo sabuwar igiya. Tsohuwa ta ce a'a, in ƙulla wannan. Na ƙulla. Ƙullin ya zauna a tsakiya kamar dunƙulen hannu, kowa ya shigo sai ya gan shi.

Muka koma daidai haɓa, muka koma hankici. Wannan karon ta bi doka. In ya soka ta tsaya, ta zagi kafaɗar, ta jira. Na kama ta a bayan ƙofar ɗaki tana hawan bango da yatsu, na yi kamar guduma nake nema. Sau ɗaya na ga hawaye a idonta a gaban igiya. Ta ce sabulu ne. Ranar ko sabulu ba ta taɓa ba.

Igiya ta wuce goshi. Ta wuce kai. Da ranar awo ta zo, saura ƙusa biyu a kai tsoffin ramuka.

Akawu ya zo da kansa ya ɗauke mu. Tun ranar wuƙa bai tako gidan ba, sai dai ya kira Auta. Ya gaishe ni a durƙushe, na amsa. Ba mu tayar da maganar ba, ba kuma za mu tayar ba.

Dogon mai tabarau ya gane ta. Ta hau gadon ba tare da an riƙe ta ba. Na hagu ya kama ƙarfensa. Na dama ya taso, ya kai kafaɗa, ya ɗan yi jinkiri a inda ya saba tsayawa, sannan ya wuce. Yatsunta suka laluba, suka sami ƙarfen, suka damƙe.

"Haka za ki zauna, Mama, kada ki motsa," in ji shi. Ya fitar da mu.

Muka tsaya a baranda ni da Akawu, kowa yana kallon nasa bangon. An daɗe. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har na ce ya zauna kada ya cinye musu daɓe. Da aka buɗe ƙofa ta fito tana gyara mayafi, hannun yana karkarwa.

"An yi awo," in ji mai injin. "Layinta yana nan. Za a fara mako mai zuwa."

"Ko gajiya ban yi ba," in ji Tsohuwa.

Ƙarya take yi. Ba wanda ya ƙaryata ta.

A gida Akawu ya cire takalmi ya zauna a tabarma kusa da ƙafarta, yadda yake yi yana yaro. Muryar ofis ta tafi.

"Inna, kin ci. Na yarda, ni ne ban gane ba. Amma yanzu ai an samu abin da ake nema. Na gyara miki ɗaki a gidana, kusa da asibiti ne, ba sai kin sha hanya kullum ba. Akwai mai aiki. Akwai injin da ke wanki ya busar da kansa, ba ruwan kowa da igiya. Ki zo ki kwanta ki huta har a gama gashin."

"Kana wurin aka ce hasken yana ɗaure tsoka," ta ce.

"Sai a riƙa kai ki wurin Sajan ɗinki."

"Sau biyu a mako."

"Inna, kin wahala ya isa haka."

"Saura ƙusa biyu."

"Ba wanda ya ce sai kin kai su. Mai injin ma bai ce ba."

"Ni na ce."

Ya dube ni, wai in sa baki. Na ɗauki kofin shayina na kurɓa.

Ya tashi. Ba da fushi ba, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ce wa Auta ta haɗa wa Inna kaya. Ya nufi bango zai kwance igiyar, wai kada a bar ta rana ta cinye.

Tsohuwa ta riga shi. Ban san tana da wannan saurin ba. A bokiti akwai tawul da mai wanki ya matse ya bari. Ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta ɗaga hannun dama sama da kai ta ɗora shi a kan igiya, daidai wurin ƙullin. Ta gyara kusurwa. Sannan ta bar hannun a can, ta damƙe igiyar, yana rawa tun daga kafaɗa har yatsu.

Akawu ya tsaya da nasa hannun a kan zargen. In ya cire, sai ya fizge ta.

"Inna, dubi yadda yake rawa. Don Allah sauke hannunki."

"Ba zan sauke ba."